Zabirar Kawu da Wata Bakwai da Na Yi Masa Ƙarya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ran Talata da hantsi ya cika, kafin azahar munka kai shi makwancinsa a gabashin Filinge, munka dawo munka zauna ƙarƙashin rumfar zana a ƙofar gidansa.

Jama'a ta zo, wannan ba a musu. Wanzami ne, shekara fiye da arba'in yana aski da ƙaho, don haka da wuya ka sami kai a unguwarmu wanda bai taɓa sunkuya masa ba. Zabarmawan Baleyara sun cika mota guda, kowa ya durƙusa ya ce "fonda tilas", ta'aziyyarsu ke nan, mu ce mun gode. Wani tsohon Bafillace daga wajen Imanan ya zo da ƙwaryar nono, ya kwance rawaninsa ya nuna mana ƙeyarsa, tabon ƙaho jere kamar kunyar gero. Ya ce, "Hannunshi na duk wannan. Ban taɓa jin zafi ba." Sai ya fashe da kuka, tsoho da gemu fari.

Da anka gaji da addu'a, sai aka koma kan abin da ya kashe shi. A nan kowa ya zama likita. Maƙwabcinsa ya ce shawara ce ta shige ciki, ai kowa ya ga idanunsa kamar an zuba rawaya. Sarkin aska, shugaban wanzaman gari, ya girgiza kai ya ce cikin da ya kumbura haka ba cuta ba ce ta Allah da Annabi, hannu ne, kuma ya san wanda yake zargi. Wata gwaggo ta leƙo daga zaure ta ce ita tun bara ta ga alama, ya taka wani abu a hanyar gona. Liman ya ce a bari, ajali ne.

Ni ina zaune a gefen tabarma, takardun asibitinsa suna cikin aljihuna, ban ce uffan ba. Anka ce, "Ku dibi ɗan ƙanwarshi, baƙin ciki ya hana shi magana." Ba baƙin ciki ba ne. Da baƙin ciki ne da na ji daɗi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na haura shekara arba'in da biyar, sana'ata sayen fata a kasuwar Baleyara in kai Yamai. Na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida sannan ta tofar da ni. Faransancin da na tsira da shi ya isa in karanta takardar likita, bai isa a ba ni kujera a ofis ba. Ban iya tsara magana ba, kuma ban rubuta wannan don a ce na iya ba. Na rubuta ne don kar a manta da mutumin nan, kuma kar a binne shi da ƙarya biyu, ta gari da tawa.

Wanda ya san Kawu ya san hannunsa na hagu ba gashi, daga wuyan hannu har gwiwa, don a nan yake gwada kaifin aska kullum safe. Yatsunsa duk ƴan yanka ne, wani ya warke wani sabo. Goro ba ya rabuwa da kumatunsa, yana aski yana tauna, kana jin ƙarar a cikin kwanyarka. In mai kuɗi ya zo yana hura hanci, sai ya dafa masa kai ya ce, "Sunkuya, Alhaji. Ko sarki nan ƙasa yake kallo." In ya gama ƙaho, da kansa yake haƙa rami ya zuba jinin ya rufe, ba ya bari kare ko kaza su kusanta. Yana cewa jinin mutum amana ne ko ya bar jiki. Kuma bakinsa a rufe yake. Ya sha ce mini, "Wanzami na ganin ƙeyar kowa, mai ƙeya ma bai taɓa ganinta ba. In ya fara ba da labari, gari ya watse."

Shekarar da na faɗi jarrabawa, babana ya ɗauko igiyar jaki zai dake ni, yana cewa kaina fanko ne. Kawu ya shigo, bai yi masa musu ba. Ya zaunar da ni, ya jiƙa mini kai ya aske tas, ya ƙwanƙwasa da yatsa kamar mai sayen ƙwarya, ya ce wa babana, "Na diba. Fanko na, gaskiyarka, amma ba shi da tsaga. Zai riƙe ruwa." Babana ya yi dariya, igiya ta faɗi. Tun ranar na san ina da wurin gudu.

Kimanin shekara takwas da sunka wuce ya fara ramewa, zawo da masassara sunka ƙi barinsa. Ni na kai shi asibiti a Yamai. Anka ɗibi jininsa, anka shigar da shi ɗaki shi kaɗai, sai ya leƙo ya kira ni, ya ce in shigo in ji, kunne biyu ya fi ɗaya. Malamar asibitin ta ce cuta biyu ce a jininsa. Ɗaya sida, wato ƙanjamau. Ɗaya kuma ƙwayar ciwon hanta da suke ce wa epatit B, wadda ke zaune a jiki shekara da shekaru tana cin hanta mutum bai sani ba. Ta ce duka biyun suna bin jini, suna bin kwanciya. Ta ce akwai ƙwayar magani guda da zai riƙa sha kullum, tana danne su duka, amma sharaɗinta kar a tsaya.

A tasha munka yi faɗan da ban taɓa yi da shi ba. Na ce, "Kawu, da furfurarka? Wace ce?"

Ya tofar da goro, ya buɗe mini tafin hannunsa. Ya ce, "Dibi yatsun nan. Shekara nawa ina wasa da jinin mutane, da hannu da baki? Kuma ban ce maka ni waliyyi ne ba, na yi Abijan da ƙuruciyata. Ban san ƙofar da ta shigo ba. Kai da ka yi lakwal, takardar ta faɗi?"

Takardar ba ta faɗi ba. Munka shiga mota.

Da munka dawo, mutum ɗaya ya gaya wa, matarsa, wadda muke kira Inna. Ita ma ta je anka auna ta, Allah ya tsare ta. Daga nan ya naɗe askar gadonsa a tsumma ya tura ƙasan zabira, jakar fatar da ya gada wurin ubansa. Ya sayo reza fakiti fakiti. Kowane kai da sabuwa, ya ɓare ta a gaban mutum, in ya gama ya jefa cikin gwangwani mai murfi. Ƙaho da tsaga ya daina su ɗungurum. Gari ya yi ta surutu. Sunka sa masa suna wanzamin reza, sunka ce tsufa ya sa hannunsa rawa. Masu ciwon baya sunka koma wurin wasu. Babban ɗansa, taubashina, wanda ke koyon sana'ar, ya yi fushi ya ce tsoho ya zubar da gadon gida. Kawu bai taɓa kare kansa ba. Sai dai ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa, ashe ba ya son gori ma," ya yi dariya.

Bai yarda a rubuta sunansa a asibitin garinmu ba. Ya ce ranar da anka ga wanzami a ƙofar da ake karɓar maganin sida, ko kan jaki ba za a ƙara ba shi ba. Don haka katinsa na Yamai ne, lambar salular da ke jiki tawa ce. Duk wata uku in na kai fata, sai in biya in karɓo masa magani, in ɓoye cikin buhu. Shi kuma sau biyu a shekara ya bi ni a diba shi, a ce ya je gaida ƴan'uwa. Shekara bakwai muna haka. Ya yi ƙiba, ya koma gonarsa ta hanyar Tabla, yana noma da hauya kamar saurayi. Da abin ya tsaya nan, da ina da abin alfahari.

Wata rana ina zaune kan bencin da ake jiran magani, bayan asibiti, sai ga wani direban motar kasuwa na garinmu, ya kawo uwarsa awon ido ya ɓata hanya. Mutum ne wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya ce da ƙarfi, "A'a! Mai fata! Kai ma?"

Na ce saƙo na zo karɓa. Ya ce, "To, to, saƙo. Allah ya ba mai saƙo lafiya," yana dariya.

Lahadin da ta biyo, a kasuwar Baleyara, mai shayin da na yi shekara goma ina sha wurinsa ya ɗauko mini wani kofi daban daga ƙarƙashin tebur. Dillalan fata sunka riƙa gaishe ni daga nesa, hannu a ƙirji. Da na koma gida matata ta tare ni da tambaya, idonta jawur. Na rantse mata, na kasa gaya mata na wane ne, don amana. Sai zuciyata ta fara ba ni shawara irin tata. Ta ce, kai da ba ka ci nanin ba, don mi nanin za ta ci ka?

Da wata ukun sunka cika, na kai fata, na wuce ƙofar asibitin ban shiga ba. Na dawo na sami Kawu yana gyaran danga, na ce, "Kawu, magani ya yanke. Sun ce sai an kawo daga waje. Sun ce kai ma kar ka wahala da zuwa, za su kira."

Ya ce, "To. Allah ya kawo." Ya ci gaba da ɗaurin kara.

Sun kira kuwa. Malamar nan ta yi ta bugo mini, ina ganin lambar in kife salular. Daga girbi har saukar ruwan fari, wata bakwai, duk sanda na dawo daga Yamai ya ɗaga kai ya dube ni, in ce ba a kawo ba, ya ce Allah ya kawo. Na gaya wa kaina ai ya yi ƙiba, ai ya warke, hutun ƴan watanni ba zai yi komai ba. Ni da na ji sharaɗin da kunnena. Jahili ma yana da uzuri, ni ba ni da shi.

Idanunsa sunka fara yin rawaya. Fitsarinsa ya koma kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ƙafafu sunka kumbura, ciki ya fito, shi kuwa wuya ya zama kamar kara. Maƙwabta sunka yi ta kawo jiƙon saiwa na shawara, wani wanzami har ya zo da ƙarfensa zai yi masa sakiya a ciki, Kawu ya kore shi. Sai da Inna ta tako da ƙafarta har gidana, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ka kai kawunka." Ba ta ƙara kalma ba.

A Yamai anka ɗauki hoton cikinsa. Likitar, mace ce, ta ce hantar ta ƙanƙance ta yi tauri, kuma akwai ƙari a ciki, kansa, ya wuce a yi aiki. Ta buɗe katinsa ta ce, "Baba, mi ya sa ka bar magani wata bakwai? Mun yi ta kira."

Kafin in motsa Kawu ya ce, "Ni na gaji da haɗiya, ɗiyata. Tsufa."

Da anka fita da shi, na koma na gaya mata gaskiya, na tambaye ta ko ni na kashe shi. Ta ce cutar ta yi shekaru tana cin hantar tun kafin a gano ta, kuma ƙari yakan fito ko mutum na shan magani. Amma in an tsai da shan maganin nan, ciwon hanta yakan taso da ƙarfi fiye da da. Ta ce, "Ba zan ce maka kai ka kashe shi ba. Ba kuma zan ce maka ba ka taɓa komai ba." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Munka dawo da shi gida da maganin rage zafi. Kwana goma kafin ya cika, da safe, ya sa anka shimfiɗa masa tabarma gindin itacen bedin tsakar gida, ya aika a kira ni. Ya ce in yi masa aski. Na ce ban iya ba. Ya ce, "Kai da ke kankare gashin fatar akuya? Ɗauko reza, sabuwa." Na jiƙa masa kai, na fara. Yana sunkuye, ba na ganin fuskarsa, ina jin shi ya sa ya zaɓi lokacin.

Ya ce, "Tun wata na biyu na sani. Akwai wata tsohuwa a Tabla da muke haɗuwa kan bencin asibitin Yamai. Na je askin suna garinsu, ta ce mini magani bai taɓa yankewa ba."

Rezar ta tsaya a hannuna. Na ce, "Kawu, don mi ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Ka ɗauki kayana shekara bakwai, ya yi maka nauyi ka sauke. In ce ka sake ɗauka? Kuma ni ba ni da ƙafa? Mota kullum tana tahiya Yamai, asibiti ga shi nan bayan kasuwa. Abin da ya hana ka shi ya hana ni. Kunyarka da tawa uwa ɗaya uba ɗaya. Ci gaba, ka bar ni da rabin kai kamar mahaukaci."

Na ci gaba, hawaye na ɗiga a ƙeyarsa. Ya ce in daina jiƙa shi, ruwan ya isa. Sannan ya ba ni wasiyya. Ya ce ranar sadakar bakwai, in sarkin aska zai miƙa wa ɗansa zabira a gaban jama'a kamar yadda aka saba, in tashi in faɗi abin da ya kashe shi, da sunansa. In ce duk wanda ya yi wa ƙaho ko tsaga ko aski kafin ya koma reza, ya je a auna jininsa. Ya ce, "Jinin rabin garin nan ya bi ta askata. Na iya rufe na ƙasa, na jikinsu ban iya ba. Ina da rai na kasa faɗi. Kai ka faɗi, ka biya ni da wannan."

Shi ya sa na zauna shiru a rumfar makoki kwana shida, ana ta sammu da shawara, ina jin taubashina yana gaya wa mutane zai maido da askar gado, har an yi masa maganar suna biyu da ke tafe. Kowace safiya sai in ce wa kaina a bar kaza cikin gashinta, mutum ya tafi da mutuncinsa, wa zai sani?

Ran bakwai anka yi addu'a, anka raba gumba. Sarkin aska ya ɗauko zabira ya ɗaga. Ban san sanda na miƙe ba. Na ce a dakata, akwai saƙon mamaci. Na faɗi da muryar da ban san tawa ce ba. Na ce ba sammu ba ne, ba wanda ya yi masa hannu. Na ce ciwon hanta ne da ke bin jini, ya zama kansa, kuma yana da sida shekara takwas. Na ce shi ya sa ya bar ƙaho, shi ya sa reza. Na faɗi maganar awon jini.

Wasu sunka fara laluben takalma. Tsohon Bafillacen nan ya kai hannu ya shafa ƙeyarsa. Taubashina, wanda tun muna yara yake ce mini bawansa cikin wasa, ya cakumi wuyan rigata ya ce, "Bawan banza, ubana za ka tozarta a kan tabarmar makokinshi?" Wannan karon ba wasa a ciki.

Sai muryar Inna daga bayan zana, tana cikin takaba: "Sake shi. Gaskiya ya faɗi. Ni ma an gaya mini, ni ma an auna ni."

Ya sake ni. Na zauna. Wasu har sun zo daga baya sun ce na yi jarumta. To ga jarumtar: na faɗi komai ban da wata bakwai. Na tona asirin mamaci na rufe nawa. Sai bayan arba'in na je na durƙusa na gaya wa Inna. Ta ce ta ji. Har yau in na gaishe ta tana amsawa, amma ba ta ƙara ce mini "ɗan nan" ba. Sauran jama'a kuma ga shi nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wasu sun je awo, wasu sun ce su Allah suka riƙa. Taubashina bai yi mini magana ba tukuna, amma ranar sunan farko an gan shi ya ɓare sabuwar reza a gaban uban jariri, askar gado kuwa tana rataye a zaure.

Ni ma na je. Ƙeyata cike take da tabon hannun Kawu tun ina ƙarami. Sida babu. Ciwon hantar akwai. Ban ce daga askarsa ba ne, takardar ba ta faɗi ba. Sun ce in riƙa zuwa ana dubawa, kuma ɗakin masu hanta yana kallon waccan ƙofa, benci ɗaya muke zama.

Watan jiya ina kan bencin sai ga direban nan, ya sake kawo uwarsa. Ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "I, ni ma. Wannan karon ba saƙo ba ne." Na matsa na buga katakon da hannu. Na ce, "Kai ma Kawu ya yi maka ƙaho shekarar da bayanka ya riƙe, ina wurin. Zo ka zauna."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana juya makullin mota a hannunsa, ya daɗe, sannan ya zauna a can ƙarshen benci.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a gaban likita. Ni kuma ku roƙa mini, don ban kai in roƙa wa kaina ba.